John Robinson: Mai sharar makaranta da ya zama malamin matuƙan jirgin sama a Habasha

Jiragen kamfanin Ethiopian Airlines na ƙasar Habasha ba baƙi ba ne ga matafiyan arewacin Najeriya. Suna sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, su kwashi 'yan kasuwa da ɗalibai da masu neman magani, su bi da su ta Addis Ababa zuwa sassan duniya. Galibin matuƙan da ke gaban waɗannan jirage 'yan Habasha ne, kuma a ƙasarsu aka horar da su.

Horar da matuƙa a gida abu ne mai dogon tarihi a Habasha. Cikin mutanen da suka aza tubalinsa akwai wani baƙar fatar Amurka mai suna John Charles Robinson, wanda ya rasu a Addis Ababa a shekarar 1954.

Robinson bakanike ne, matuƙin jirgi ne, ya kuma yi yaƙi. Amma aikin da ya fi daɗewa yana yi, wanda kuma ya fi barin tasiri, shi ne koyarwa. Abin mamakin shi ne makarantar da ya fara neman ilimin jirgi a cikinta ta ƙi karɓarsa saboda launin fatarsa, sai da ya shige ta da tsintsiya a hannu.

Yaron Gulfport

An haifi Robinson a shekarar 1903 a garin Carrabelle na jihar Florida da ke kudancin Amurka. Mahaifinsa ya rasu tun yana jariri, mahaifiyarsa ta koma da shi garin Gulfport na jihar Mississippi, inda ta sake aure. A hannun mijin mahaifiyar tasa ya tashi.

A wancan zamani dokar wariyar launin fata ce ke aiki a kudancin Amurka. Makarantar baƙaƙe daban, ta farare daban. Haka asibiti, haka wurin zama a jirgin ƙasa. A Gulfport, karatun yaro baƙar fata yana tsayawa ne a aji na goma, ko da kuwa yana da ƙwaƙwalwa.

Jirgin sama kansa sabon abu ne a lokacin. A shekarar da aka haifi Robinson ne 'yan'uwan nan biyu, Orville da Wilbur Wright, suka tashi jirgi mai inji karon farko. Yana ɗan kimanin shekara bakwai ya fara ganin jirgi da idonsa a bakin tekun Gulfport, kuma tun daga nan abin ya shiga ransa.

Sai dai babu wata hanya da ta tashi daga unguwarsu ta nufi kujerar matuƙi. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta inji. A 1921 ya shiga Kwalejin Tuskegee da ke jihar Alabama, makarantar da Booker T. Washington ya assasa a 1881 domin koya wa baƙaƙen fata ilimi da sana'a. Ya karanta kanikancin mota, ya kammala a 1924.

Daga nan ya nufi arewa neman aiki, kamar yadda dubban baƙaƙen fata suke yi a lokacin. Ya yi aikin gareji a Detroit, birnin ƙera motoci, kafin ya koma Chicago.

Tsintsiya a bayan aji

A Chicago akwai makarantar koyon aikin jirgin sama ta kamfanin Curtiss-Wright, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙera jirage a Amurka. Robinson ya nemi gurbi, aka hana shi. Yana da takardar Tuskegee, yana da kuɗin makaranta, ya san inji ciki da bai, amma makarantar ba ta ɗaukar baƙar fata.

Ba shi ne farkon wanda ya ci karo da wannan katanga ba. Kafinsa, Bessie Coleman, wata matashiya da ke aikin gyaran farce a Chicago, ta nemi makarantar da za ta koya mata tuƙin jirgi a Amurka ta rasa. Sai da ta koyi Faransanci ta tafi Faransa, inda ta samu lasisi a watan Yunin 1921. Burinta shi ne ta buɗe makaranta domin 'yan'uwanta, amma ta rasu a hatsarin jirgi a 1926 kafin ta cika shi.

Robinson bai ƙetare teku ba. Ya koma makarantar da ta ƙi shi ya nemi aikin shara, aka ba shi. Yakan daidaita aikinsa da lokacin darasi, yana shara a bayan aji yana sauraren malami. Idan ɗalibai suka watse, sai ya kwafe abin da ke kan allo kafin ya goge.

Abin da ya ji a aji ba ya barinsa a cikinsa. Ya tara wasu abokansa masu sha'awar jirgi suka kafa ƙungiyar nazari, yana maimaita musu darussan: yadda iska ke ɗaga fiffike, yadda ake karanta yanayi, yadda injin jirgi ya bambanta da na mota. Wato ya fara koyarwa tun kafin a yarda ya zama ɗalibi.

Babban abokin tafiyarsa shi ne Cornelius Coffey, wani ƙwararren bakanike. Sun sayi zanen wani ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya da ake kira Heath Parasol, suka harhaɗa shi da hannunsu, suka ɗora masa injin babur. Wani malamin makarantar, wanda ya riga ya lura da mai sharar nan, ya je ya duba jirgin. Aka gwada shi, ya tashi.

A ƙarshe makarantar ta buɗe wa Robinson da Coffey ƙofa. Sun sha tsangwama daga wasu ɗalibai, amma suka daure har suka kammala a 1931 da shaidar ƙwarewa a kanikancin jirgi. Robinson ya kuma samu lasisin tuƙi.

Daga baya makarantar ta amince ta buɗe aji na baƙaƙen fata, ta ɗauki Robinson ya koyar da su. Ajin da yake sharewa a baya ya zama nasa.

Filin jirgin da suka gina da hannu

Karatun aji rabin aiki ne. Matuƙi ba ya zama matuƙi sai ya tara sa'o'i a sama, kuma wannan na buƙatar jirgi da fili da mai. Filayen jiragen da ke kewayen Chicago ba sa maraba da baƙar fata.

Robinson da Coffey da ɗalibansu suka kafa ƙungiya mai suna Challenger Air Pilots Association. Suka nufi Robbins, wani ƙaramin gari a kudancin Chicago wanda baƙaƙen fata ke shugabanta, aka ba su fili. Da kansu suka sare itatuwa, suka kwashe duwatsu, suka baje ƙasa, suka gina rumfar ajiye jirage.

Cikin ɗaliban akwai wata ma'aikaciyar jinya, Janet Harmon Bragg, wadda ta sayi jirgi da albashinta domin 'yan ƙungiyar su riƙa koyo da shi. Daga baya ta zama ɗaya daga cikin mata baƙaƙen fata na farko a Amurka da suka samu lasisin tuƙin jirgin haya. Ko shi ma sai da wani jami'in jarrabawa a Alabama ya hana ta bayan ta ci gwajin, ta koma jihar Illinois ta sake.

'Yan ƙungiyar ba su manta da Bessie Coleman ba. Sun mayar da shi al'ada su tashi jirage ta saman kabarinta a Chicago suna sakin furanni.

A 1933 wata guguwa mai ƙarfi ta rushe rumfar Robbins, ta lalata jiragen da ke ciki. Wahalar shekaru ta tafi a lokaci guda, a daidai sa'ar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Ba su watse ba. Suka samu wani ɓangare a filin jirgi na Harlem da ke wajen Chicago, suka ci gaba da koyarwa.

A 1934 Robinson ya tuƙa jirgi zuwa Tuskegee, shekara goma bayan kammala karatunsa a can. Ya je ne da shawara guda: tsohuwar makarantarsa ta buɗe sashen koyar da tuƙin jirgi. Shugabannin makarantar sun karɓe shi da girmamawa, amma ba su ɗauki shawarar a lokacin ba.

Kiran Habasha

A daidai wannan lokaci hankalin baƙaƙen fatar duniya ya koma kan Habasha. Musulmi sun san ƙasar tun daga hijira ta farko, lokacin da sahabbai suka samu mafaka a wurin Sarki Najjashi. A ƙarni na 20 kuma ta zama abin alfahari saboda wani dalili: a 1896 dakarun Sarki Menelik na Biyu sun murƙushe sojojin Italiya a yaƙin Adwa, ƙasar ta tsira daga mulkin mallaka yayin da Turawa ke rabon Afirka.

Shugaban Italiya Benito Mussolini ya ƙudiri aniyar ɗaukar fansa. Bayan wata arangama a Walwal a watan Disambar 1934, ya shiga jibge sojoji da makamai a Eritiriya da Somaliya, waɗanda ke ƙarƙashin Italiya a lokacin.

A biranen Amurka dubban baƙaƙen fata suka rubuta sunayensu domin zuwa taimaka wa Habasha. A Legas ma an yi tarukan nuna goyon baya. Amma gwamnatin Amurka ta gargaɗi 'yan ƙasarta cewa doka ta hana su shiga rundunar wata ƙasa, don haka kusan duk masu niyyar ba su je ba.

Robinson ya je. Malaku Bayen, wani ɗan'uwan Sarki Haile Selassie da ke karatun likita a Amurka, shi ne ya haɗa shi da fadar Habasha. A 1935 ya bar garejinsa da ɗalibansa ya isa Addis Ababa.

Ya tarar da wani baƙar fata matuƙi a can, Hubert Julian, ɗan asalin Trinidad, mutum mai son nuna kansa. Julian ya taɓa faɗuwa da jirgin da Sarki ke ji da shi a 1930, ana gab da bikin naɗin sarauta, abin da ya sa fada ke ɗari-ɗari da baƙin matuƙa. Robinson ya zo da wani hali daban. Ya duƙufa kan gyaran jirage da horar da matasa. Su biyun ba su jitu ba, har ta kai su ga faɗa, aka kawar da Julian daga harkar jirage.

Sarki ya ba Robinson muƙamin kanar da jagorancin rundunar sojan sama.

Runduna ba makami

Sunan runduna ya fi abin da ke ƙasa girma. Jiragen Habasha 'yan kaɗan ne, tsofaffi, da yawansu ƙirar Potez ta Faransa, kuma ba a shirya su domin faɗa ba. Wasu ma ba sa tashi saboda rashin kayan gyara. Italiya kuwa tana da ɗaruruwan jiragen yaƙi na zamani.

Ƙasar kanta jarrabawa ce ga matuƙi. Addis Ababa tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300 daga doron teku. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, jirgi kuma yana buƙatar doguwar hanya kafin ya ɗaga. Ga duwatsu da kwazazzabai, ga ƙarancin taswira da na'urorin sadarwa.

Ranar 3 ga Oktoban 1935 sojojin Italiya suka tsallaka iyaka. Robinson yana garin Adwa lokacin da jiragensu suka yi wa garin ruwan bama-bamai, ya kuma kai labarin abin da ya gani Addis Ababa.

Tun da ba shi da abin da zai tare jiragen abokan gaba, aikinsa ya zama na kai saƙo. A ƙasar da hanyoyin mota suka yi ƙaranci, saƙon da zai ɗauki makonni a kan alfadari jirgi na kai shi cikin sa'o'i. Ya riƙa jigilar umarnin Sarki zuwa fagagen daga, da magunguna, da jami'ai, yana leƙen inda abokan gaba suke. Ya sha tuƙa Sarkin da kansa. Dabararsa ita ce ya bi ƙasa-ƙasa ta tsakanin duwatsu, ko ya shige cikin gajimare idan an biyo shi.

An harbe shi ya samu rauni, ya kuma shaƙi iskar gas mai guba da Italiya ta yi amfani da ita a yaƙin, duk da cewa ta sa hannu a yarjejeniyar haramta ta. Jaridun baƙaƙen fata a Amurka suka riƙa bin labarinsa, suka laƙaba masa suna Brown Condor, daga sunan wani ƙaton tsuntsu dangin ungulu da ke shawagi a saman duwatsun nahiyar Amurka.

Ƙarfin ba ɗaya ba ne. Ranar 2 ga Mayun 1936 Haile Selassie ya bar Addis Ababa zuwa gudun hijira, ranar 5 ga wata sojojin Italiya suka shiga birnin. A watan Yuni Sarkin ya tsaya gaban ƙungiyar ƙasashen duniya ta lokacin a Geneva, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai kuka, amma ba a yi masa maganin komai ba.

Abin da Robinson ya gani a yaƙin ya ƙarfafa ra'ayin da yake da shi tun a Chicago. Ƙasa na iya sayen jirgi cikin wata guda idan tana da kuɗi. Matuƙi da bakanike kuwa sai an yi shekaru ana renonsu, kuma ranar da ake buƙatarsu ba ranar fara horar da su ba ce.

Gwarzo a titi, bare a rundunar ƙasarsa

Ya koma Amurka a watan Mayun 1936. Dubban mutane suka tarbe shi a New York da Chicago. Ya zagaya garuruwa yana bayani kan yaƙin da kuma muhimmancin koyon aikin jirgi, sannan ya buɗe makarantarsa ta koyar da tuƙi da kanikanci a Chicago.

An sake tattaunawa tsakaninsa da Tuskegee kan ya je ya jagoranci sashen jirage, amma maganar ba ta kai ga tabbata ba.

Shawarar da ya kai a 1934 ta yi tsiro ne bayan shekara biyar. A 1939, da gwamnatin Amurka ta ga yaƙi na tafe, ta ɓullo da shirin horar da matuƙa farar hula a kwalejoji, aka sa Tuskegee a ciki. A 1940 makarantar ta ɗauki Charles Alfred Anderson a matsayin babban malamin tuƙi. Daga 1941 rundunar sojan Amurka ta fara horar da baƙaƙen fata a can, kuma kafin a rufe shirin a 1946 an yaye matuƙa kusan 1,000. Su ne suka yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu, inda suka yi rakiyar jiragen kai hari a sararin Turai.

A Chicago ma irin da aka shuka bai mutu ba. Coffey da Willa Brown, wadda ita ma ta fito daga cikin matuƙan Chicago, sun gudanar da makarantar tuƙi a filin Harlem, ɗalibansu da dama suka wuce Tuskegee. Wannan ne ya sa wasu marubuta ke kiran Robinson uban matuƙan Tuskegee, duk da cewa ba shi ya koyar da su a can ba.

Shi kansa, mutumin da ya riga ya ga yaƙin sama da idonsa kuma ya riƙe muƙamin kanar, ƙasarsa ba ta ba shi jagorancin ko da rukuni ɗaya na jirage ba. Aikin da ya samu shi ne koyar da kanikancin jirgi.

Komawa Addis Ababa

A 1941 dakarun Birtaniya da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta, ciki har da sojojin Najeriya, tare da mayaƙan sa-kai na Habasha, suka kori Italiya. Haile Selassie ya koma Addis Ababa ranar 5 ga Mayu, shekara biyar cif bayan faɗuwar birnin.

Ƙasar ta fito daga mamaya ba ta da jirage, ba ta da matuƙa. Italiya ta kashe ɗimbin matasa masu ilimi, musamman a kisan gillar da aka yi a Addis Ababa a watan Fabrairun 1937. Komai sai an faro daga tushe.

A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Robinson ya koma Habasha bisa gayyatar Sarki, tare da wata ƙaramar tawaga ta baƙaƙen fatar Amurka, matuƙa da makanikai. Suka tattara abin da ya rage na jirage da kayan aiki, suka gyara mai gyaruwa, suka buɗe makaranta. Gomman matasan Habasha ne suka fara koyon aikin jirgi a hannunsu.

Tsarinsa shi ne wanda ya bi da kansa: a fara sanin inji kafin a hau kujera. A ƙasar da kayan gyara ke ɗaukar watanni kafin su iso, matuƙin da bai san abin da ke cikin injinsa ba yana wasa da ransa ne.

A watan Disambar 1945 aka kafa kamfanin jiragen saman Habasha, bisa yarjejeniya da kamfanin TWA na Amurka, wanda ya kawo manajoji da matuƙan farko. Ranar 8 ga Afrilun 1946 jirginsa na farko ya tashi daga Addis Ababa zuwa Alƙahira ta Asmara. Burin gwamnati tun daga farko shi ne 'yan ƙasa su karɓi aikin sannu a hankali, kuma hakan ba zai yiwu ba sai da irin matasan da aka fara horarwa a gida.

Saɓani da von Rosen

Bayan yaƙi Habasha ta ƙulla alaƙa da ƙasar Suwidin domin gina rundunar sojan samanta. Jagoran tawagar Suwidin shi ne Carl Gustaf von Rosen, ɗan gidan sarauta, wanda shi ma ya tuƙa jirgin agaji na Red Cross a Habasha lokacin yaƙin 1935.

Zama bai yi daɗi tsakaninsa da Robinson ba. Masu rubuta tarihin Robinson sun danganta rikicin da ƙin yarda da von Rosen ya yi na aiki a ƙarƙashin baƙar fata. Abin ya kai ga dambe, aka tsare Robinson na wani lokaci. Suwidin ce ke kawo jirage da malamai, kuma fada ba ta shirya rasa wannan taimako ba. A 1948 Robinson ya ajiye muƙaminsa.

Sunan von Rosen ba baƙo ba ne ga masu bin tarihin Najeriya. Shi ne a watan Mayun 1969, lokacin yaƙin basasa, ya jagoranci wasu ƙananan jirage da aka ɗaura wa rokoki suka kai hari filayen jiragen gwamnatin tarayya a Fatakwal da Benin da Enugu, a madadin Biyafara. An kashe shi a garin Gode na Habasha a 1977, lokacin yaƙin Ogaden.

Robinson bai bar Habasha ba bayan murabus. Ya ci gaba da zama a Addis Ababa, ya yi harkar kasuwanci da ta jirage tare da Yarima Makonnen, ɗan Sarki, bai kuma daina koyarwa ba.

Ranar 13 ga Maris ɗin 1954 ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗi a Addis Ababa ya kama da wuta. Wani injiniya ɗan Italiya da ke tare da shi ya mutu. Robinson ya fito da mummunar ƙuna, ya yi jinya ta kimanin mako biyu, sannan ya cika. An binne shi a maƙabartar Gulele da ke birnin.

Abin da ya bari

Shekara uku bayan rasuwarsa, a 1957, Alemayehu Abebe ya zama ɗan Habasha na farko da ya kai matsayin kyaftin a kamfanin jiragen ƙasar. A 1964 kamfanin ya buɗe makarantar horar da matuƙa ta kansa. A 1971 ɗan ƙasa ya karɓi shugabancinsa, kuma a 1975 yarjejeniya da TWA ta ƙare. TWA ɗin kansa ya shuɗe a 2001, yayin da kamfanin da ya raina ya zama mafi girma a Afirka. A Addis Ababa akwai cibiyar karatu ta ofishin jakadancin Amurka da ke ɗauke da sunan Robinson.

Arewacin Najeriya ma ta daɗe da sanin jirgi. Jiragen sama sun sauka a Kano tun a watan Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan Birtaniya suka iso daga Masar. A 1964, shekarar da kamfanin Habasha ya buɗe makarantarsa, aka kafa kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya rushe a 2003, amma kwalejin Zariya tana nan tana yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage. A Jigawa kuma an buɗe filin jirgin sama na Dutse a 2014, inda alhazan jihar ke tashi zuwa Saudiyya.

Matashin da ke koyon gyaran mota a Takur ko wata unguwa ta Dutse, yana ɗaga kai idan jirgin alhazai ya wuce, babu dokar da ta hana shi shiga aji saboda launin fatarsa. Katangar da ke gabansa ta kuɗi ce da ta sa'o'in tashi.

Matakan a bayyane suke. Bayan gwajin lafiya da karatun aji, ɗalibi zai fara da lasisin tuƙa jirgi na kashin kai, wanda a ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ke buƙatar aƙalla sa'a 40 a sama. Lasisin tuƙin haya, wanda ke ba mutum damar karɓar albashi, yana buƙatar sa'a 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Sai ƙwarewar tuƙi da na'urori kaɗai idan ba a ganin waje, da ta jirgi mai inji fiye da ɗaya. Babban lasisi, wanda kyaftin ɗin jirgin fasinja ke riƙewa, yana buƙatar sa'a 1,500. A Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da waɗannan takardu.

Tazarar da ke tsakanin sa'a 200 da 1,500 ita ce inda mutane da yawa ke maƙalewa. Gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jordan koyon tuƙin jirgi. Sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun daɗe suna neman aiki, domin kamfanoni na son wanda ya riga ya tara sa'o'i, ya kuma samu horo na musamman kan irin jirgin da suke amfani da shi, horon da ke cin maƙudan kuɗi.

A ƙasashe da dama, koyarwa ce gadar da ke haɗa waɗannan matakai. Sabon matuƙi yakan samu shaidar malanta, ya zauna gefen ɗalibi, duk sa'ar da suka yi a sama ana rubuta masa ita, ana kuma biyansa. Shi yana ƙaruwa, makaranta tana samun malami, wani sabon ɗalibi yana samun gurbi. Inda makarantu da jiragen koyo suka yi ƙaranci, wannan gada ba ta samuwa, sai a yi ta tura ɗalibai waje ana dawowa da su su zauna.

Robinson ya fahimci wannan tun yana maimaita wa abokansa darussan da ya tsinta a bayan aji. Bai taɓa mallakar babban kamfani ba, bai ci yaƙin da ya shiga ba, kuma sau biyu wasu suka ƙarasa ginin da ya fara, a Tuskegee da kuma Addis Ababa. Amma a Chicago da Habasha ya bar mutanen da suka iya tashi da jirgi, suka iya gyara shi, suka kuma koya wa na bayansu.